Farautar elk a yammacin Amurka: baƙo ne saniyar tatsa?

Baban Khalifa (Ohayo): Assalamu alaikum jama'a. Masu niyyar shiga ƙuri'ar rabon tikitin farautar elk ta jihar Wayomin, ku fara duba aljihu, don a ƙarshen Janairu ake rufe wa baƙi, wato waɗanda ba mazauna jihar ba. Tikitin gama-gari yana nan a dala 692. Na layin masu kuɗi kuwa, wanda a da yake 1,268, tun 2024 ya koma 1,950. Dabba ɗaya, daji ɗaya, kwanaki ɗaya. Abin da ƙarin kuɗin ke saya maka kawai shi ne layin da ba cunkoso, kuma kashi 40 cikin ɗari na tikitin baƙi can ake tura su. Ɗan jiha dala 57 yake biya. Sannan ranar da ka nema ake cire kuɗin gaba ɗaya daga katinka, a riƙe har watan Mayu kafin ka san ka ci ko ka faɗi. Kolorado ta rufe wa baƙi sayen tikitin farauta da kwari da baka kai tsaye, ba tare da ƙuri'a ba, tun 2025. Aidaho ma ta mayar da baƙi kan ƙuri'a daga farautar 2026. To ina mai ƙaramin ƙarfi zai sa kansa?

Ɗan Maharba (Bauchi): Wa alaikumus salam. Ku yi mana bayani mu na gida. Wace dabba ce wannan da ake biyan kusan dala dubu biyu kafin a harbe ta? Kuma meye bambancin lasisi da tikiti?

Baban Khalifa (Ohayo): Dangin barewa ce, amma ƙato. Namiji yakan haura kilo 300, da ƙaho mai rassa. Lasisi shi ne izinin farauta gaba ɗaya. Tikiti kuma na dabba ɗaya ne tak, a yanki kaza, a kwanaki kaza. In ka kayar, nan take ka yage ranar a jikinsa ka ɗaura wa naman. Ba ka samu komai ba, kuɗinka ya tafi.

Alhaji Mamman (Kolorado): Baban Khalifa, sannu da ƙoƙari, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni ina nan a jihar da kake kuka da ita. Kafin a rufe tikitin bakan nan, Kolorado na cikin 'yan jihohin da suka rage inda mutum zai taso daga ko'ina, ya shiga kanti ya sayi tikitin elk ba adadi. Ka zo bakin daji a watan Satumba, lokacin da maza ke kuka suna neman mata, ka ƙirga lambobin mota: Teksas, Mizuri, Ohayo ɗinku, Wiskonsin. Ɗan jiha ya tashi daga aiki ranar Juma'a ya zo, ba wurin ajiye mota. Ka hau dutse tun asuba, ka busa usur ɗin kira, aka amsa maka, ka lallaɓa ka lallaɓa, sai ka tarar da wani mutum ne shi ma da nasa usur ɗin. Dabbobin kuwa ba wawaye ba ne, kwana biyu da buɗe farauta sun tsallaka gonakin masu kuɗi inda ba mai taɓa su. Sai kowa ya koma hannu rabbana, da ku da mu.

Kuma ba a rufe ƙofa duka ba. Tikitin bindiga na zango na biyu da na uku na lokacin farauta har yanzu baƙo yana saye kai tsaye a yankuna da yawa.

Baban Khalifa (Ohayo): Alhaji, Allah ya ja kwana, yana saye a kan sama da dala 800, kai kuma naka wajen 70 ne. Ni ba cunkoso na ƙaryata ba. Tambayata ita ce: dajin na waye? Fiye da kashi 60 cikin ɗari na ƙasar Aidaho ta gwamnatin tarayya ce. Wayomin kusan rabi. Kolorado sama da kashi ɗaya bisa uku. Harajin da ake cira daga albashina a Ohayo yana cikin abin da ake kula da dajin nan da shi. Ta yaya zan zama baƙo a abin da nake da hannu a ciki?

Barista Hauwa (Merilan): Yaya, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ƙasar ta tarayya ce, amma dabbar da ke yawo a kanta jiha ce ke riƙe da amanarta a madadin mutanenta. Kana da damar shiga dajin ka kafa tanti, ka yi yawo, ka ɗauki hoto, ba wanda zai tambaye ka daga ina kake. Ranar da ka ɗaga bindiga kan elk, ka shiga hurumin jiha.

An gwada wannan a kotu tun kafin a haifi wasunmu. Shari'ar Baldwin da hukumar namun daji ta Montana, 1978. A lokacin ɗan jiha yana sayen tikitin elk dala 9, baƙo kuwa dole ya sayi haɗaɗɗen lasisi na dala 225. Kotun Ƙoli ta ce farautar elk nishaɗi ce, ba sana'ar da mutum ke ci da ita ba ce, don haka jiha na da ikon bambanta ɗanta da baƙo. A 2002 wasu sun bi ta wata ƙofa, suka ce ƙayyade baƙi a kashi 10 da Arizona ta yi ya taɓa kasuwanci tsakanin jihohi, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta saurare su. Jihohin yamma suka tashi haiƙan. A 2005 majalisar tarayya ta yi doka, Sanata Harry Reid na Nebada ne a gaba, ta ce jihohi su ci gaba da bambantawa yadda suka ga dama. Daga nan ƙofar kotu ta rufe. Duk wanda ya ce maka za a kai ƙara a rage kuɗin nan, kada ka ba shi gudummawa.

Ɗan Damagaram (Karolaina ta Arewa): Wato dai zancen ɗan asalin jiha ne muka gudo muka tarar. Kuɗin makarantar ɗan jiha daban, na baƙo daban.

Alhaji Mamman (Kolorado): Da bambanci, ɗana. A gida sai a haifi mutum a gari, a haifi ubansa a garin, a ce har yanzu baƙo ne. A nan wata shida ka yi a Kolorado da adireshi da lasisin tuƙi, ka zama ɗan gida. Aidaho ma wata shida. Wayomin shekara guda. Baban Khalifa direba ne, ko'ina akwai kaya. Ya tattaro iyali ya dawo, mu ba shi tikitin wajen dala saba'in.

Maman Ilham (Minisota): Alhaji, ka tambayi Maman Khalifa tukuna ko za ta bar makarantar yara da Islamiyya ta koma bayan dutse saboda barewa.

Ni dai bari in yi muku lissafin da ba kwa so. Maigidana ma yana cikin masu wannan ciwon. Tikiti, man mota zuwa da dawowa, masauki a hanya, ƙanƙarar sanyaya nama, takalmi, hutun aiki na mako guda da ba a biya. In ka haɗa, da ƙyar ka tsaya ƙasa da dala dubu biyu ko a layin talaka. Babban namiji in an cire ƙashi yakan ba da nama wajen kilo 90. Wannan in an samu ke nan, kuma a tikitin gama-gari a dajin gwamnati yawancin mutane ba sa samu. Da kuɗin nan za mu je gona a yanka mana rabin sa na halal, a daddatsa, a cika firiza. Don Allah ku daina ce mana nama kuke nema.

Baban Khalifa (Ohayo): Maman Ilham kin fasa ƙwai. To na yarda ba nama kaɗai ba ne. Amma kin ga ai maganarki ta ƙara min hujja. Wanda ke biyan 1,950 bai damu da kilo ba, ƙaho yake so ya rataya a falo. Mu masu kai nama gida mu ake korewa.

Kuma Alhaji bai taɓo inda kuɗin ke zuwa ba. Hukumomin namun daji na Aidaho da Wayomin ba da harajin jiha suke gudana ba, da kuɗin lasisi ne da kason da tarayya ke ba su. A cikin kuɗin lasisin nan, fiye da rabi daga aljihun baƙi yake fitowa. Albashin ma'aikacin daji, jirgin da ke ƙirga dabbobi, gyaran mashaya, mu ke biya. Ɗan majalisar jiha ya san in ya ƙara wa ɗan gida dala biyar, zai gamu da shi a rumfar zaɓe. In ya ƙara wa baƙo dala ɗari bakwai, ba mai ce masa uffan, don ba mu da ƙuri'a a can. Shi ya sa a 2021 Aidaho ta ɗaga tikitin elk na baƙo daga dala 416 zuwa 651 a tashi ɗaya, ta kuma rage adadinmu a yankuna. An rage mu, an ƙara mana kuɗi, asusunsu bai girgiza ba. Wayo ne, ban ce ba wayo ba ne.

Alhaji Mamman (Kolorado): Kuma da aka ƙara, an daina saye? Ka tuna yadda ranar 1 ga Disamba take a Aidaho kafin su koma ƙuri'a. Dubun dubatar mutane a layin intanet tun safe, kwamfuta ta raba lamba, wasu kuma su hau jirgi su je su kwana a ƙofar kanti cikin sanyi. Kafin yamma yankuna masu kyau sun ƙare. Abin da mutane ke kwana a layi a kansa, wa zai rage masa kuɗi? Ni a ganina ƙuri'ar ta fi muku adalci. Ko banza ba sai ka bar aiki ka zauna gaban allo yini guda ba.

Ɗan Damagaram (Karolaina ta Arewa): Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne maki. Wanda bai sani ba: duk shekarar da ba ka ci ƙuri'a ba, sai ka sayi maki ɗaya, wai ya matsar da kai gaba. A Wayomin na elk dala 52, na barewa 41, na barewar fili mai gudu 31. Kashi 75 na tikiti ana ba masu maki mafi yawa, 25 a watsa wa kowa. To matsalar, masu tara maki sun ninka tikitin da ake da shi. Yankin da ake ci da maki biyar, kafin ka tara biyar ya koma bakwai. Kana tafiya ana janye maka garin. In kuma ka yi shekara biyu a jere ba ka saya ba, duk abin da ka tara ya zube. Ba ka iya ci, ba ka iya bari.

Waɗanda suka fi ban tausayi su ne masu jiran ragon dutse. Wani ya yi sama da shekara ashirin yana biya, sai a 2022 Wayomin ta yi doka: ragon dutse, akuyar dutse, mus (wani ƙaton dangin barewa) da ɓauna, kashi 90 na 'yan gida, 10 na baƙi. Mutum ya tsufa a layi aka zo aka gajarta layin daga gaba, ba a mayar masa da ko sisi ba.

Barista Hauwa (Merilan): Ba za a mayar ba kuwa. Maki ba alkawari ba ne, ba wata takarda da ta ce za ka samu. Kolorado ma ta amince da sauya tsarin ƙuri'arta daga 2028, rabi ga masu maki, rabi a buɗe wa sa'a. Sabon shiga zai ji daɗi, mai tsohon tari zai ciji yatsa. Wanda ba ya son wannan wasan, Niyu Meksiko da Aidaho ba su da maki sam, kowa daga sifili yake farawa duk shekara. Sai dai a Niyu Meksiko kashi 84 na 'yan gida ne, 10 na waɗanda suka ɗauki kamfanin jagora, baƙo mai zuwa da kansa kashi 6 kacal.

Baban Khalifa (Ohayo): Yauwa, kin zo inda nake jira. Kamfanonin jagora. Kowace dokar da ta matse baƙo, sai ka ga an bar musu taga. A Wayomin akwai dazukan tarayya da aka keɓe, ba mota ba hanya. Baƙo zai iya shiga ya kama kifi, ya hau dutse, ya kwana wata guda shi kaɗai. Amma ya shiga farautar elk, sai da ɗan jagora mai lasisi ko ɗan jiha da ya karɓi takardar rakiya. Wai don kada ya ɓace. Mai ƙugiya ba ya ɓacewa, sai mai bindiga?

Alhaji Mamman (Kolorado): Wannan kam ba zan kare ta ba. Dokar ciyar da 'yan kasuwa ce, kowa ya sani.

Amma ku riƙa tuna cewa dabbar ba a masana'anta ake ƙera ta ba. Hunturun 2022 zuwa 2023 ya yi ɓarna a kudancin Wayomin da arewa maso yammacin Kolorado. Ƙanƙara ta rufe ciyawa wata da watanni, barewa suka yi ta faɗuwa a gefen hanya, 'ya'yan shekarar kusan ba wanda ya tsira a wasu garkunan. Dole aka zabge tikiti da dubbai. In abinci ya ragu a gida, wa ake fara cewa ya yi haƙuri? A farkon ƙarnin da ya wuce elk ɗin da suka rage a ƙasar nan ba su kai dubu hamsin ba. Yau ana maganar wajen miliyan. Da wannan tsauraran dokoki aka dawo da su, da harajin nan na dokar Pittman-Robertson ta 1937, kashi 11 a kan kowace doguwar bindiga da harsashi.

Ɗan Maharba (Bauchi): Ikon Allah. Mu da ba ƙuri'a ba tikiti, yanzu sai ka wuni a dajin da kakanmu ke kayar da gwanki ba ka ga ko sawun gada ba. Ku dai yi ta faɗanku, akwai abin faɗa a kai.

Baban Khalifa (Ohayo): Harajin da Alhaji ya ambata, ni ma ina biya duk sanda na sayi kwalin harsashi. Kuma tunda ana cewa baƙi ba abin da suke kawowa sai cunkoso, wa ya buɗe filayen da aka kulle? A kudancin Wayomin, tun zamanin shimfiɗa layin dogo, an yanka ƙasa murabba'i murabba'i, wannan na gwamnati, na kusa da shi na mai gona, ba sa haɗuwa sai a kusurwa. Masu gona suka ce ko ƙafarka ba ta taɓa ƙasarsu ba, kafaɗarka ta ratsa iskarsu. Mutum huɗu daga Mizuri suka zo da tsani a 2021, suka kafa shi a kan kusurwa suka tsallaka. Aka gurfanar da su, aka wanke su. Mai gonar ya nemi diyyar miliyoyin daloli, ya faɗi. A Maris 2025 kotun ɗaukaka ƙara da ke Denba, garin Alhaji, ta ba su gaskiya, a Oktoba Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar. 'Yan jiha sun yi shekara da shekaru suna kallon filayen nan daga bakin titi.

Barista Hauwa (Merilan): Gaskiya ne, amma a kula. Hukuncin ya shafi jihohin da ke ƙarƙashin waccan kotun ne, irin su Wayomin, Kolorado, Yuta da Niyu Meksiko. Montana da Aidaho ba sa ciki. Kada wani ya ɗauki tsani ya nufi Montana ya ce Barista ce ta ce.

Ɗan Zongo (Niyu Yok): Salamu alaikum manya. Ni ɗalibi ne, bizar karatu gare ni. Ina da damar shiga wannan harka kuwa? Kuma naman da aka harba da bindiga ya halatta?

Barista Hauwa (Merilan): Ƙanina, bi a hankali. Dokar tarayya ta hana mai bizar wucin gadi riƙe bindiga, sai dai akwai togaciya ga wanda ke da lasisin farauta mai aiki. Mai katin zama na dindindin ba shi da wannan matsalar. Bayan ta tarayya akwai ta jiha da ta birni, kuma birninku sai da izini na musamman ko don doguwar bindiga. Kuskure a nan yana iya cin bizarka. Ga lauya ido da ido kafin ka taɓa komai. Sannan sai ka yi kwas ɗin koyon farauta, don Kolorado ba ta sayar wa duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau ba tare da katin kwas ɗin ba.

Alhaji Mamman (Kolorado): Batun halal, abin da muka karanta shi ne ka yi bisimilla lokacin sakin harbi, in ka iske ta da rai ka yanka. Malaman Malikiyya na baya sun halatta farauta da harsashi. Ka ƙara tambayar limaminku. Ni abin da zan gaya maka shi ne aikin yana farawa ne bayan dabba ta faɗi. Kana nesa da mota, rana na faɗuwa, yatsu sun ƙage. Ka feɗe gefe ɗaya, ka cire cinya da kafaɗa da naman gadon baya, ka zuba a buhunan yadi ka rataya a reshe su sha iska, ka juya ta ka yi ɗaya gefen. Cinya ɗaya da ƙashinta ta ishi ƙato kaya. Haka za ka yi ta sawu, kana waiwaye saboda beyar. Barin nama a daji laifi ne babba, ana kwace lasisi a kai.

Maman Ilham (Minisota): Kuma kada a shigo mana da kai ko ƙashin baya. Saboda cutar nan mai cin ƙwaƙwalwar barewa, Minisota ta hana shigo da gawar dabba ɗungurungum daga ko'ina. Nama zalla, ko ƙaho da aka wanke tas. Jihohi da yawa haka ne, ku duba ta kowace da za ku ratsa.

Baban Khalifa, tunda ka ce kai mai kai nama gida ne, ga gwaji. Wayomin na sayar wa baƙo tikitin macen elk dala 288, ba ruwansa da maki. Naman mace ma ya fi laushi. Ga Kentaki maƙwabciyarku, sun dawo da elk tun 1997, shiga ƙuri'arsu dala 10 ne. Ga barewa a bayan gidanka a Ohayo, lasisi da tikiti ba su kai dala 60 ba, kuma a can kai ne ɗan gida.

Baban Khalifa (Ohayo): Ta mace zan nema, na ji. Amma ban janye maganata ba, wanda ke ɗauke da fiye da rabin kaya ya kamata a ce yana da kujera inda ake yanke hukunci. Wanda zai shiga ta namiji kuma ya yi magana mu nema a ƙungiya. Wayomin na karɓar har mutum shida, tana haɗa makinsu ta raba daidai.

Ɗan Damagaram (Karolaina ta Arewa): Wato ka zo da sifili ka sha daga nawa. A'a, yallaɓai. A Kolorado ma in an nema tare, makin wanda ya fi ƙaranci ake ɗauka, don haka kowa tasa ta fisshe shi.

Alhaji Mamman (Kolorado): Ta Kolorado farkon Afrilu ake rufewa, kuma sai ka fara sayen lasisin share fage kafin a karɓi takardarka. Duk wanda ya ci, ɗakin ƙasa na nan, da firiza, Hajiya za ta yi tuwo. Amma kada wanda ya tambaye ni kwarin da nake shiga.